Daga kula da rumbun bayanan banki zuwa amsa waya: yadda na sake neman aiki a Jamus

Ni mace ce, ina da aure da 'ya ɗaya, sana'ata kuma kula da rumbun adana bayanai na kwamfuta. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan saƙonnin da ƙanne da 'ya'yan abokan arziki suke turo mini, kowa na tambayar hanyar samun aikin kwamfuta a Turai. Amsar ba ta layi biyu ba ce, kuma duk lokacin da na taƙaita sai a ɗauka abin ya zo mini da sauƙi.

Tun ina sakandare lissafi ne darasin da nake shiga da ƙwarin gwiwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, likita ya so in zama, amma da ya ga inda zuciyata ta karkata bai tilasta mini ba. Na karanta kimiyyar kwamfuta, na samu aiki a wani banki, aka ajiye ni a sashen da ba a rububinsa, wato kula da rumbun bayanai na manhajar Oracle mai ɗauke da asusun jama'a. Aiki ne da ba a tunawa da mai yinsa sai ranar da abu ya lalace. Ƙarshen wata a ofis nake raba dare, wayata ba ta mutuwa ko ranar hutu. Duk da haka na so aikin. Na yi kusan shekara goma a kansa, na kai ga shugabantar ƙaramin rukuni, kuma idan saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, ta tsaya da tsakar dare ni ake fara kira.

A 2021 maigidana, wanda injiniyan lantarki ne, ya samu aiki a wani kamfani kusa da birnin Nuremberg a kudancin Jamus. An ba shi izinin zama na ƙwararru da ake kira Blue Card, wanda Jamus ta fara bayarwa a 2012. Matar mai wannan kati tana da damar yin kowane irin aiki da zarar ta samu takardar zamanta, kuma ba a neman ta iya Jamusanci kafin a ba ta biza. Ga kuma labarin da ke yawo ko'ina, cewa ƙasar na fama da ƙarancin masana kwamfuta. Labarin gaskiya ne. Ƙungiyar kamfanonin fasaha ta Jamus, Bitkom, ta ce a 2022 akwai guraben aikin kwamfuta 137,000 da ba a cike ba, a 2023 suka kai 149,000. Na ajiye aikina hankalina kwance. A lissafina, wata uku ya ishe ni in zauna a sabuwar kujera.

Cikin hunturu muka sauka, lokacin da rana ke faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma. Abin da ya fara tare ni ba shi da alaƙa da kwamfuta ko kaɗan: wa zai riƙe mini yarinya? Dokar Jamus tun watan Agustan 2013 ta ba kowane yaro da ya cika shekara ɗaya haƙƙin samun gurbi a gidan renon yara, amma guraben ba su kai yawan masu nema ba, kuma galibi a watan Satumba ake ɗaukar sababbi. Haka na zauna a gida watanni, ni da yarinya 'yar shekara biyu, maigida ya fita da duhu ya dawo da duhu. Ni da na saba waya ta hana ni barci, sai ga shi ina wuni ba wanda ya neme ni don wani abu da na iya.

Idan na yi wa mahaifiyata ƙorafi sai ta ce, "Ke 'yar nan, Allah ya hutar da ke kina neman wahala? Mijinki bai gaza ba." Ba na jin haushinta, don ta ga irin gajiyar da nake dawowa da ita a da. Sai dai na kasa fahimtar da ita cewa ba cin yau ko na gobe ke damuna ba. Tsoro nake ji. A wannan fanni, wanda ya yi shekara biyu bai taɓa saba ba, ilimin yana tsufa a hannunsa yana ji yana gani.

Da yarinya ta samu gurbi na shiga kwas ɗin da gwamnati ta tsara wa baƙi: awa 600 na koyon harshe, da awa 100 na sanin doka da tarihin ƙasar, sannan jarabawar matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe. Ajin ya cika da matan Yukren da yaƙin da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya koro, ga 'yan Siriya, ga 'yan Afganistan. A benci ɗaya da ni akwai mai haɗa magunguna da malamar jami'a, dukkanmu muna koyon yadda ake cewa kaina na ciwo. B1 ya isa mutum ya je asibiti ko ya karanta wasiƙar makaranta. Bai isa a zauna taro a yi gardama kan dalilin da ya sa rumbu yake jan ƙafa ba.

Nan ne na fara gane yadda kasuwar take. Ayyukan da ake yi da Ingilishi zalla sun taru ne a Berlin da Munich, a sababbin kamfanonin intanet, kuma masu rubuta manhaja suka fi nema. Fiye da kashi 99 cikin 100 na kamfanonin Jamus ƙanana ne da matsakaita, galibi harshen aikinsu Jamusanci. Irin aikina kuwa yana wurin kamfanonin inshora, asibitoci, hukumomin birni da masana'antu, inda kowace takarda da kowane taro da Jamusanci ne. Sai kuma lokacin ya zo mini a karkace. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairun 2023 Google ya sanar da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. 'Yan guraben da ba sa buƙatar Jamusanci suka cika da masu nema waɗanda takardunsu ke ɗauke da sunayen da kowa ya sani.

Takardun ma wani darasi ne. Bajamushe idan zai nemi aiki yana haɗa wasiƙar nema, da takardar CV, da shaidar karatu, da kuma shaidar aiki daga kowane wurin da ya taɓa zama. Wannan ta ƙarshen doka ce ta wajabta wa mai kamfani ya rubuta wa ma'aikacinsa. Da lafazi mai daɗi ake rubuta ta, amma masu ɗaukar ma'aikata sun san yadda ake karanta maki a cikin lafazin, su gane wane ne gwani, wane ne aka lallaɓa kawai. Ni abin da na zo da shi wasiƙa ce mai layi uku, tana cewa na yi aiki daga shekara kaza zuwa kaza. Digirina ba shi da matsala: jami'armu tana cikin kundin anabin, inda ake duba matsayin jami'o'in waje, na kuma karɓi takardar tantancewa daga ofishin ZAB da ke Bonn. Aikin kwamfuta ma ba ya cikin sana'o'in da sai da lasisi, ba kamar likitanci ko jinya ba. A takarda ba abin da ya hana a ɗauke ni. A zahiri kuwa ba wanda zai iya tabbatar da shekara goman nan.

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai. Mai rubuta manhaja ana iya ba shi gwaji na awa biyu a ga hannunsa. Mai kula da rumbun bayanai amana ake damƙa masa: albashin kowa, cutar kowa, bashin kowa, duk yana iya buɗewa, yana kuma iya shafewa da umarni ɗaya. Tun Mayun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta tanadi tarar da ke iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. Ni kuwa na zama kamar baƙon da ya sauka jiya yana neman a ba shi ajiyar makullin rumbun hatsi, a garin da ba wanda ya san ubansa. Da na kalli abin ta wannan fuska zafin ƙin ɗaukata ya ragu kaɗan, ko da yake bai tafi ba.

Akwai ɓangaren da wannan bayani bai wanke ba. A Jamus har yanzu da yawa suna manna hoto a takardar CV, duk da ba dole ba ne, kuma tun 2006 akwai dokar hana wariya. Ni ina sa hijabi. Wata masaniyar tattalin arziki a jami'ar Linz, Doris Weichselbaumer, ta fitar da bincike a 2016 inda ta aika takardun neman aiki kusan 1,500 zuwa kamfanonin Jamus, ilimi iri ɗaya, hoton mace ɗaya. Da sunan Bajamushiya an kira ta a kashi 18.8 cikin 100. Da sunan Baturkiya, 13.5. Da sunan Baturkiya da ɗankwali a ka, 4.2. Na karanta wannan da dare, na kasa barci. Wata ƙawata ta ce in sa hoton, wanda ba ya so ya ƙi tun daga nesa, kada in ɓata kuɗin jirgi. Ni na zaɓi cire hoton. Na fi so a fara karanta abin da na iya, in ya so a ƙi ni ido da ido. Cire hijabin kuwa ko sau ɗaya bai zo mini a rai a matsayin zaɓi ba.

An kuwa ƙi ni ido da ido. Akwai intabiyu ɗaya da har yau nake tunawa. Tambayoyin fasaha sun tafi daidai, har injiniyan da ke wurin ya fara gyaɗa kai. Sai ɗayan ya tambaye ni wa zai kula da 'yata idan aka kira ni da dare. Na ce mahaifinta. Ya yi murmushi, ya rubuta wani abu. Bayan mako biyu imel ya zo da lafazin da na riga na haddace: sun gode, sun zaɓi wani, suna mini fatan alheri. Ba sa faɗin dalili, saboda gudun ƙara a kotu. Don haka mutum ba ya sanin ko harshensa ne, ko hijabinsa, ko 'yarsa, ko kuwa da gaske wani ya fi shi. Rashin sanin nan ya fi ƙin ɗaukar ciwo, domin kowane dare sai ka sake yi wa kanka shari'a. Na kai matsayin da idan na ga sabon imel gabana ke faɗuwa. Na daina ɗaga wayar tsofaffin abokan aikina, don kada a tambaye ni ina nake aiki yanzu.

Ban zauna haka kawai ba. Tallace-tallacen aiki sun nuna mini inda duniya ta nufa: PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, da Ansible da Docker, kayan aikin tafiyar da sabobi, da sabobin haya ta intanet irin na AWS da Azure. Idan yarinya ta yi barci sai in buɗe tsohuwar kwamfutata in kafa rumbu, in lalata shi da gangan, in dawo da shi. Na zuba 'yan rubuce-rubucena na manhaja a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke baje aikinsu, na kuma ci jarabawar satifiket ɗaya na AWS. A ganina satifiket yana taimakawa takardarka ta tsallake mai tacewa na farko, amma ban ga inda shi kaɗai ya ba wani aiki ba. Masu tara su bakwai takwas, da sun raba lokacin nan sun ba harshe rabi.

Wadda ta juya mini tunani wata dattijuwa ce mai ba da shawara a ofishin samar da aikin yi. Ta duba takarduna tsaf, ta ce ba ƙarin karatu nake buƙata ba, ina buƙatar mutum ɗaya a ƙasar nan da zai ce ya ga aikina da idonsa. Ta ba ni shawarar kamfanonin hayar ma'aikata. Tsarinsu shi ne su ɗauke ka, su tura ka aiki a wani kamfani. Tun gyaran dokar 2017, a ƙa'ida ba a barin ma'aikacin haya ya wuce wata 18 a wuri ɗaya, kuma bayan wata tara albashinsa ya kamata ya daidaita da na 'yan gida. Mai kamfani ba ya jin tsoron gwada baƙo ta wannan hanya, tunda in bai gamsu ba mayar da shi kawai zai yi.

Gurbin da suka samo mini na amsa waya ne, a wani kamfani da ke kula da kwamfutocin asibitoci. Matakin farko, inda ake fara ajiye yaran da suka gama koyon sana'a. Maigida bai so ba. Ya ce, "Haba uwargida, ke da mutane ke aiki a ƙarƙashinki? Ki ƙara haƙuri, ba korarmu ake yi ba." Yayana a waya ya ce da babu gara ba daɗi. Duka biyun ba su faɗi abin da ke raina ba. Ni abin da na duba shi ne kamfanin yana da rumbunan Oracle nasa, a bene na biyu na ginin da zan zauna. Da aikin amsa waya ne a kamfanin da ba shi da sashen da nake hari, da ban karɓa ba. Na kuma yi wa kaina alkawarin cewa in shekara ta zagayo ban motsa daga kujerar ba, zan bari.

Watannin farko sun fi duk abin da ya gabata wuya. Jamusancin aji daban, na waya daban, balle a yankin Franken, inda Nuremberg take, da suke da nasu karin harshe. Ma'aikaciyar jinya za ta kira a gaggauce, ga marar lafiya na jira, firinta ta ƙi aiki ko kalmar sirri ta kulle, ni kuma ina roƙon ta maimaita. Akwai wanda ya ce in haɗa shi da mai jin Jamusanci. Na haɗa shi, na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo. Shugaban sashenmu yaro ne da na girme wa nesa ba kusa ba, bai je jami'a ba, ya yi koyon sana'ar kwamfuta na shekara uku irin nasu, rabi a makaranta rabi a kamfani. Na shigo da ɗan raini a zuciyata game da wannan, aikinsa ya cire mini shi. Shi ya rubuta mini jimlolin da ake buƙata a waya a takarda ɗaya, shi ya kuma nuna mini ɗakin da ba kowa inda zan riƙa sallar azahar, ba tare da na roƙa sau biyu ba.

A wannan kujera duk ƙorafin da ya shigo ana buɗe masa tikiti. Na lura duk safiyar Litinin ƙorafi iri ɗaya ke taruwa: manhajar ba marasa lafiya lokacin ganin likita tana nauyi, zuwa hantsi kuma ta warware da kanta. Ba ni da izinin leƙa rumbun, amma na san wannan alama. A ƙasan wani tikiti na rubuta, da gajeren Jamusancina, cewa ina zargin babban kwafin ajiya na daren Lahadi ne yake zarcewa har safiya yana cinye ƙarfin faifan adana bayanai. Makonni suka wuce shiru.

Wata rana wani dattijo ya sauko daga bene na biyu yana tambayar wa ya rubuta wannan. Na zaci faɗa zai yi. Ashe ya daɗe da sanin matsalar, shekara da shekaru yana neman a sayo sababbin faifai ba a saya ba, don haka ban gano masa komai ba. Abin da ya kawo shi shi ne ya ga wace ce a sashen waya ta san RMAN, manhajar da ake kwafin ajiyar Oracle da ita. Tambaya ɗaya ya yi mini: yaushe rabon da in dawo da rumbu daga kwafi, ba a gwaji ba, a gaske? Na ba shi labarin daren da faifai ya mutu mana a banki, yadda muka dawo da bayanai zuwa daidai mintin da abin ya faru, da abin da na fara dubawa kafin in taɓa komai. Inda Jamusanci ya ƙare mini na zana a takarda. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ya hau sama. Ko yabo ɗaya bai yi ba.

Bayan wata guda aka ce in riƙa hawa wurinsa kwana biyu a mako. Kamfanin yana kwashe wasu rumbuna daga Oracle zuwa PostgreSQL saboda tsadar lasisi, shi kuma ritaya na matso masa, ga ba mataimaki. Da farko kallo kawai nake yi. Daga baya ya ba ni izinin shiga rumbun gwaji, sannan na gaske amma yana zaune a gefena. Sai da ya ga hannuna a kan abu ƙarami sau da yawa kafin ya sake mini babba. Ban ji haushin wannan ba, ni ma haka nake yi wa sababbi a da. Shi ne ya je wurin shugabanni ya ce a ɗauke ni. Kamfanin ya biya masu hayar kuɗin sakina, a 2024 na sa hannu a kwantiragi na dindindin, na yi wata shida na gwaji kamar kowa, lokacin da ake iya sallamar mutum da sanarwar mako biyu kacal. Ranar da wa'adin ya cika ban gaya wa kowa a ofis ba, na dai yi sujadar godiya a ɗakin nan.

Kada a ɗauka na koma inda nake. Ba na shugabantar kowa, albashina na wanda bai kai rabin shekaruna a aiki ba ne, kuma shekarun da na zauna sun bar giɓi a takardata da fanshona. A taro idan aka yi barkwanci sai dariya ta lafa nake gane abin da aka ce. Wayar dare ta dawo, kuma mahaifin yarinyar ne yake kula da 'yar, kamar yadda na faɗa wa mutumin nan na intabiyu.

Masu tambayata yanzu galibi kan sabon katin neman aiki suke tambaya, wanda Jamus ta fara bayarwa a Yunin 2024. Yana ba mutum shekara ɗaya ya zo ya nema, da izinin aikin awa 20 a mako. Tun Nuwamban 2023 kuma masanin kwamfuta marar digiri yana iya samun Blue Card idan yana da gogewar shekara uku da albashin da ya kai ƙa'ida. Ƙofofin sun ƙaru, gaskiya ne. Amma ni na yi wannan tafiya ne da albashin miji a bayana, ba wanda ke ƙirga mini kwanakin biza, kuma duk da haka ta ɗauke ni fiye da shekara biyu. Wanda zai zo da guzurinsa kaɗai da wa'adin wata goma sha biyu, ina gaya masa ya kai B1 tun yana gida, ya kuma sa tsohon wurin aikinsa ya rubuta masa cikakkiyar shaida mai bayyana irin na'urorin da ya riƙe da girman nauyin da aka ɗora masa, tun shugaban da ya san shi yana kan kujera.

Dattijon zai yi ritaya ƙarshen shekarar nan, kuma akwai sauran rumbunan da ba mu kwashe ba, har da na ɗakin gwaje-gwajen jini, wanda ba a yarda ya tsaya ko na minti goma ba. An ce za a duba ba ni kujerarsa idan na kawo shaidar Jamusanci matakin C1, na ƙwarewa sosai a harshe, saboda mai kujerar ne ke rubuta rahoto ga masu binciken kare bayanai. Na yi rajistar jarabawar, ina zuwa aji yammacin Talata da Alhamis bayan na tashi daga aiki.